Sawun akuya a kan motar Baffa

Ina ƙarama Baba ya aro sabuwar motar yayansa, Baffa, ya ajiye ta a bakin lungunmu na Sheshe. Bayan azahar muka tarar akuya ta hau ta, duk sawun ƙasa.

Na ɗauko tsumma, Baba ya cafke hannuna. "Kar ki goge a bushe, yashi zai karce fentin. Kawo ruwa."

Ina tsiyayawa da buta, yana dangwalawa da tsohon ɗankwalin Umma, yana ta waiwayen hanya.

Da la'asar Baffa ya zo, ya zagaya motar, ya karɓi makulli ya ja ta ya tafi. Sai lokacin Baba ya zauna a dakali.

Ranar na gane Baba ma yana da wanda yake tsoro. Har yau ina jin tausayinsa.