Zaman Kwamiti a Aji Uku

"Ranka ya daɗe, yau a nan za mu zauna," in ji Dakta, mai binciken gurɓatar iska, tana nuna wa shugaban kwamitin majalisa bencin 'yan aji uku.

Shekaru ta yi tana auna hayaƙin bolar da ake ƙonawa a bayan makarantar, rahotanninta suna mutuwa a durowa. Mijinta, malamin kimiyyar siyasa, ya sha tsokanarta: "Dakta, alƙaluma ba sa tari. Ki kai 'yan majalisar inda ake yi."

Shugaban ya zauna da ƙyar, yana duba agogo. Ta buɗe shafin farko na rahotonta ke nan sai iska ta juyo da hayaƙin. Yaran suka miƙe, suka rufe tagogi, kowa ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci, suka ci gaba da rubutu.

"Wa ya ce su yi haka?" ya tambaya, idanunsa na ruwa.

"Ba kowa," in ji malamar ajin. "Sun saba."

Ya kalli yaran, sannan ya juyo wajen Dakta.

"Dakta, miƙo rahoton nan. A wane shafi kika ce a kwashe bolar?"