Makullin da Ya Zaga Gari Uku

Maigandi ya cusa wa Dogo, ƙanin matarsa, ƙunshin a aljihu, ya ce ya tashi babur ya kama hanyar Ibeto, kada ya tsaya ko gaisuwa.

Abin da ke cikin ƙunshin bai fi kwalin ashana ba. Makulli ake ce masa, ɗan roba ne mai haƙora da ake sokawa a bayan kwamfuta. Shi ne lasisin manhajar da injiniyoyi ke zana gini da ita. In babu shi, manhajar ba ta buɗewa ko za ka kwana kana danna ta. A shekarar casa'in da shida kamfanin gine-ginen da Maigandi ke yi wa aiki ya sayo guda uku daga Legas, saboda ayyuka uku ke hannunsa: injin casar shinkafa a Kontagora, matatsar man gyaɗa a Ibeto, da rumbunan hatsi a Tungan Magajiya. Aka ɗora wa Maigandi rabon su. Ranar har hula ya sake, ya zauna ya rubuta sunan kowane gari a jikin makullinsa da jan fenti, da wannan rubutu nasa mai kama da sawun kaza.

Kafin damina ta fita ya sayar da biyu.

Wani dillali ne ya kai su Kaduna. Ya dawo yana ba da labarin mai sayen, wai ko tayi bai yi ba, tambaya ɗaya kawai ya aiko da ita: ko mai kayan yana da saura? Maigandi ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wawaye ba sa ƙarewa a birni.

Su kuwa injiniyoyi, ce musu ya yi wuta ta ƙona biyun, kuma in Legas ta ji, a wuyansu za a rataya. Manya da digiri, suka haɗiye. Ya kankare sunan Kontagora daga na ukun, aka koma karɓa-karɓa, wannan mako nan, wancan mako can. Ginin Ibeto ya tsaya a iya taga, har ciyawa ta fito a ciki. Ina ruwan Maigandi?

Sai ga saƙo: masu manhajar sun turo mai duba lasisi. In ya ga babu biyu, aikin Maigandi ya tafi, ƙila ma ya kwana a hannun 'yan sanda.

Da ya ga mutumin, hankalinsa ya kwanta. Abdulsalami sunansa, gajere, da kwat ɗin da ta yi masa yawa, ga gyangyaɗi a zaune. Hannunsa ɗaya ba ya fita daga aljihu, yana ta wasa da wani abu, ƙas, ƙas, kamar mai jan carbi. A Kontagora ya kalli allon kwamfuta, manhaja ta buɗe, ya gyaɗa kai. Ko leƙa bayanta bai yi ba. Wannan ne Legas ta aiko? Maigandi ya zare makullin yana yi masa hira.

Dabarar ba ta da wuya: a riƙe baƙo da abinci, Dogo ya riga shi isa. Mutumin kuwa ga ci. Ya share tuwon shinkafa, ya nemi ƙari, ya sha fura, ya ce a bari ta sauka tukuna.

A Ibeto manhaja ta buɗe. Injiniyan yana ta zufa, baƙon yana hamma. Aka kawo gasasshiyar zabuwa, ya zauna ya tsotse ta har ƙashi.

A hanyar Tungan Magajiya ne dabarar ta so ta lalace. Babur ya yi faci, ga Dogo can a gefen titi gaban mai faci, yana cizon yatsa. Motarsu ta wuce shi. Maigandi yana neman ƙaryar da zai yi, sai baƙon ya buɗe ido ya ce a tsaya, la'asar ta yi. Ya yi alwala kamar mai wankan gawa, ya yi salla, ya zauna dogon lazimi. Bai tashi ba sai da babur ya wuce su a guje.

“Bawan Allah, sauri yake,” in ji shi. “Allah ya kai shi lafiya.”

“Amin, yallaɓai,” Maigandi ya ce, yana danne dariya. Har addu'a yake yi wa ɓarawonsa!

A Tungan Magajiya ma ta buɗe. Gari uku, kwamfuta uku, duk lafiya lau. Babban manaja, wanda ya taso daga Kontagora don sallamar baƙo, ya dafa kafaɗar Maigandi a gaban ma'aikata ya ce da irinsu kamfani ke tsayuwa. Maigandi ya gyara hula, ya soma jawabi a kan riƙon amana.

Abdulsalami ya bar shi ya kai aya. Sannan ya fid da hannun nan daga aljihu, ya ajiye abu biyu a kan tebur, ƙas, ƙas. Ɗaya an rubuta Ibeto, ɗaya Tungan Magajiya, da jan fenti, da rubutu mai kama da sawun kaza.

“Malam Maigandi,” ya ce, “ni ne na aiko dillalinka ya tambaye ka ko akwai saura. Ashe akwai.”