Bencin Baba a Coci

Tsoho ya ja kujera mai laushi da ɗansa ya saya masa daga mazauninsa a coci har ƙofa, ya koma bencin katako.

"Baba, mutane na kallo," in ji ɗan. "Bencin nan zai karya maka baya."

Tsohon ya gyara zama. Idanunsa sun daina ganin rubutun Littafi Mai Tsarki, kunne kaɗai ya rage masa. Tun zuwan kujerar kuwa, da fasto ya buɗe baki sai barci ya sace shi, ba ya farkawa sai an ce Amin.

"Bencin ne ke mintsinina don in ji wa'azi. Taka ta ƙosar da bayana, ta bar raina da yunwa."

"To, ko matashi in kawo?"

"Ba na so."