Ramar da Ƙoshi Ya Kusa Kashewa

Kai mai saurin ba da magani tun ba ka san ciwo ba, tsaya ka ji wannan. An yi wata mata a wani ƙauye na bakin fadama, mahaifiyarta ta rasu ta bar mata irin jar rama a ƙulle cikin tsumma, bai fi cikin tafin hannu ba. Irin nan tun daga kakarta ya taho, duk garin babu mai shi sai gidansu. Da damina ta sauka ta shuka shi kaf a bayan ɗaki, ko ƙwaya ba ta rage ba, ka ga in shukar nan ta mutu iri ya yanke ke nan. Ita da takin gida ta saba, sai dai son abin ya yi mata yawa. Kullum ta share akurki sai ta juye ɗanyen kashin kaji a gindin ramar, ta bi da tokar murhu. Da fari rama ta yi kore shar, gwanin sha'awa. Ba a rufa mako uku ba sai bakin ganyen ya soma ƙonewa, yana lanƙwashewa ƙasa kamar farcen kaza. Ta ce yunwa ce, ta ƙara taki, abin ya ƙaru. Maƙwabciyarta ta ce ƙwari ne, ta jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa. Wata ta ce baki ne, ta kifa baƙar tukunya a kan sanda. Duk a banza, wai talaka ya girmi sarki. Baiwar Allah ta zauna a bayan ɗaki ta yi kuka, tana ganin ta ci amanar uwarta.

Ana haka wata safiya wani tsoho mai lambun albasa ya zo wucewa, ta roƙe shi ya duba mata. Tsohon ya tsugunna ya riƙa juya bayan ganye ɗaya bayan ɗaya, babu ƙwaro, babu ƙwansa. Ya duba ganyen ƙasa, ya ga kore ne har ya yi duhu. Ya cusa yatsa a gindin shukar, ya ji ƙasar da ɗumi, warinta na hawa kai. Sannan ya faɗa mata cewa yunwa daga ƙasa take farawa, tsofaffin ganye su yi rawaya, don shuka kan ɗebe daga tsoho ta ciyar da sabo. Amma kore mai duhu da ƙonannen baki, wannan saiwa ce ke ƙuna. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ba yunwa ke kashe ramar nan ba, ƙoshi ne. Tana cewa ya isa, ke kina ɗura mata." Kunya ta kama ta, amma ranta ya yi sanyi, tunda dai an gano ciwon. Ya ce ta kwashe takin, ta yi ta kwarara ruwa kwana uku yana wucewa, kashin kajin kuma ta binne shi a rami sai ya ruɓe ya koma ƙasa. Ganyen da ya ƙone kuwa ta cire rai da shi, sabon toho za ta sa wa ido.

Haka ta yi. Kusan rabin shukar ya tafi, ba ƙarya. Amma ran kwana na takwas ta leƙa ta tarar toho ya fito kore har bakinsa. Da kaka ta yi ta cika ɗan ƙoƙo da iri, ta kai wa tsohon cikin hannu guda, ta ƙulle wani a tsumman nan na uwarta ta ɓoye. Tun daga nan ba ta ƙara zuba komai a gindin shuka ba sai ta tsugunna ta kalli ganye tukuna, don ta gane abin da Hausawa ke nufi da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.