Ba Sai da Turi Ba

Asta ta tsaya a ƙofar garejin Sambo bakanike, ta kasa ƙarasawa. Motar Baffanta ce, mai dogon baya, wadda ta kwaso su daga Bosso ranar gudun hijira, ta mace a Assaga, kaji suka mai da ita akurki shekara da shekaru. Yau ga ta a Diffa kan tayoyinta huɗu, sabon fenti sai ƙyalli yake.

Sambo ya goge hannu da tsumma, ya shiga mazaunin direba yana satar kallonta. Ba ta san lokacin da ta ɗaure mayafi a ƙugu ba, ta zagaya baya ta dafa motar da hannu biyu, yadda ta saba tun tana yarinya.

"Me kike yi haka?"

"Turi mana. Ai ba ta tashi sai da turi."

"Zo ki zauna gaba."

Ta zauna. Murɗa makulli ɗaya ya yi, inji ya ɗauka, ko tari babu. Asta ta shafa ƙofar, idonta ya ciko.

"Kullum za ta je Shetimari ɗauko tattasai," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma kujerar nan ba don fasinja na ɗinke ta ba. Asta, in turo manyana wurin Baffa?"

Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai tana kallon hanya, kamar wadda ta daɗe da mallakar kujerar.

"Motar ce ta daina neman turi, Malam Sambo, ba Baffa ba. Ka turo."