Ƙanƙara a Firigon Bincike

Sahura ta buɗe firigon ɗakin binciken iri na Matankari, ta tarar da shi maƙil da ƙullin ƙanƙara. Kwalaben gwajinta na hatsi mai jure fari kuwa an tura su lungu.

Ta faɗa ofishin direkta ko sallama babu.

"Malam Jalaluddeen, gwamnati ta sawo muna firigo don bincike, wani ɓarawo ya maishe shi na saida ƙanƙara! Yau ko ni ko shi."

Direkta ya buga tebur.

"Ni ne ɓarawon! Gwamnati ta aiko firigo, aka ɗauki hoto, shi ke nan ta mance da mu. Albashin da kike amsa tun bara, daga ina kike tsammanin yake fitowa?"