Taku Ɗari da Arba'in

Kwana uku da raba gonar marigayi mahaifinta, tana tsaye a ƙarshen kasonta, sai ga ɗan baffanta ya ratso kunyoyi tun daga iyaka. Shekara biyar tana jiran bakinsa ya buɗe. Yau ga shi da sabuwar hula, amma ta lura leɓɓansa na motsi da kowane taku.

"Ƙanwata," ya ce yana sunkuyar da kai, "aurenki na zo nema."

Ta dake. "Yaya, taku nawa ka samu?"

"Ɗari da arba'in," ya faɗa kafin ya ankara.

Ta gyara mayafinta, ta dube shi ido cikin ido. "Ka iya awo. Yanzu koma ta gefe, kada ka taka min shuka."